Kundin katunan kalmomin Turanci: hadda ta zauna, jimla ta ƙi

Wata uku na yi ina gwada wannan kundin katunan kalmomin Turanci da ake sayarwa don 'yan babbar sakandare, wanda ake lodawa cikin Anki, manhajar bitar katuna don hadda. Da farko har yabonsa nake yi. Ƙashin bayansa jerin kalmomin karatu ne da masaniyar harshe Averil Coxhead ta fitar a 2000, tushen kalmomi 570 da rassansu, an kasa su gida 10, ana farawa da waɗanda aka fi cin karo da su a littattafan ilimi. Muryar da ke furta kalmomin tana fita sarai. Kalmar da ɗalibi ya gane sai ta jima ba ta dawo ba, wadda ya manta kuma ta dawo masa da wuri. Wannan dai aikin Anki ne, mai kundin ba shi da lada a ciki.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarin manyan kalmomin da mai kundin ya cusa da kansa. Kowane kati kalma ɗaya a gaba, ma'ana ɗaya tilo a baya, babu jimla ko guda. Ɗauki exacerbate. Bayan katin an rubuta increase, shi ke nan. Ɗalibi ya haddace tsaf, bai taɓa faɗuwa katin ba, sai ga shi a insha'i ya rubuta "Reading exacerbates my marks", yana nufin karatu na ƙara masa maki. Haba! Ai exacerbate ba ta tafiya sai da abin da dama ba shi da kyau: ciwo, rikici, talauci, wato a ƙara dagula su. Yaron bai yi laifi ba, abin da kati ya faɗa masa ya bi. Haka mitigate, an fassara ta da reduce, alhali illa ko haɗari ake sassautawa da ita, ba a rage tsawon riga da ita. Ita kuwa sanction fuska biyu gare ta, amincewar hukuma da kuma takunkumi, amma kati ya kawo takunkumin kawai. Abin da ya fi ba ni haushi, manhajar na nuna ɗalibi ya ƙware, domin gane kalma kawai katin ke aunawa, ba ya auna iya sa ta a muhallinta. Mai duba takardar jarrabawa kuwa muhallin yake dubawa.

Ana iya gyarawa, shi ya sa ban watsar da shi ba. A buɗe katin a mai da shi mai giɓi: cikakkiyar jimla daga ƙamus na masu koyon Turanci, a ɓoye kalmar, ɗalibi ya cike. A ƙasa a sa kalmomi biyu ko uku da ta saba zama da su. Mai ma'ana biyu a yi mata kati biyu. Duk mako ɗalibi ya rubuta sakin layi ɗaya da kalmomi biyar daga ciki, malami ya duba. Da aka yi haka insha'i ya fara gyaruwa, har na ce to kuɗin bai tafi a banza ba.

Sai kuma na tuna takardar umarnin da ta zo da shi, wai a riƙa ɗaukar sababbin katuna 50 kullum. Ita Anki a kan 20 take zuwa, kuma ko 20 ɗin takan kai mutum ga bitar katuna wajen 200 a rana. Yaro mai darussa takwas ko tara ina zai kai 50? Ya tsallake kwana uku, bashi ya taru, ya fara danna Good, maɓallin da ke nuna ya gane kati, ido rufe don ya rabu da su. Katuna 10 sun isa. Kuma idan ni zan zauna in sake rubuta bayan kowane kati, me na saya ke nan? Jerin Coxhead ɗin ma kyauta yake a intanet.