Wane mataci ya fi dacewa da jinin mai wankin ƙoda?

Mai sayo kayan sashen wankin ƙoda yakan ɓata lokaci wajen zaɓen inji, in aka zo kan mataci sai ya ce a kawo wanda ake da shi. Alhali injin turawa kawai yake yi. Wanda jinin majinyaci ke gogar jikinsa awa huɗu, sau uku a mako, shi ne matacin: siraran bututu kamar gashi wajen 10,000 a dunƙule cikin kwalbar roba, faɗin tantaninsu ya kai murabba'in mita ɗaya zuwa biyu. Jini kuwa ba ya son baƙo. Da ya taɓa abin da ba jijiya ba sai garkuwar jiki ta tashi, ya kuma fara neman daskarewa. Don haka tambayata ta farko kullum ita ce: da me aka yi tantanin?

Na farko da likita Willem Kolff ya yi aiki da shi a Holan a 1943 fatar selofen ce, irin wadda ake ɗura nama a ciki. Daga baya Cuprophan na Jamus ya mamaye asibitoci, shi ma daga seluloz aka yi shi, wato sinadarin jikin auduga. A 1977 aka nuna cewa yana tayar da garkuwar jiki har fararen ƙwayoyin jini su ragu ƙwarai cikin kwata na farko, su je su maƙale a huhu. In wani ya kawo maka irinsa yau, ka gode masa ya wuce.

Wanda ya cika kasuwa yanzu shi ne polisalfon, da kamfanin Fresenius ya fito da shi a 1983, da ɗan'uwansa poli'itasalfon. Ba na raina shi. Yana fitar da manyan dattin jini, ciki har da furotin nan da ke taruwa a gaɓoɓin wanda ya daɗe yana wanki, kuma yawancin mutane ba sa jin komai da shi. Sai dai roba ce mai gudun ruwa, dole a cakuɗa ta da wani sinadari, PVP, kafin jini ya bi ta lafiya. Sinadarin yana iya tsattsafowa, kuma shi ake yawan zargi idan jikin wani ya ƙi matacin.

Na taɓa gani da idona. Wata dattijuwa muka ɗora a kan inji, ba a yi minti goma ba ta dafe ƙirji ta ce, "Ɗana, numfashina." Jininta ya faɗi, gumi ya wanke mata fuska. Muka tsayar, ba mu mayar mata da jinin da ke cikin bututu ba. Zama na gaba aka canza mata wani polisalfon na wani kamfani, abin ya maimaita. Sai da likita ya ce a kawo na tirayasitet. Ranar barci ta yi har aka cire ta.

Tun daga nan tirayasitet ya zama nawa, kuma ba na ɓoyewa. Shi ma seluloz ne, amma an toshe kusan dukkan wuraren da ke tsokanar garkuwar jiki a jikin tsohon, shi ya sa halinsu ya sha bamban. Ba ya buƙatar PVP, babu kuma sinadarin BPA a tantaninsa, wanda da shi ake haɗa polisalfon. Tantanin siriri ne, akwai mai manyan ƙofofi ga wanda ke buƙatar tacewa mai zurfi. In majinyaci ya fara ƙaiƙayi, tari ko faɗuwar jini da ba a gane dalilinsa ba a farkon zama, shi nake fara nema. Ko sashenku ya tsaya kan polisalfon, kada kabad ɗinku ya rasa kwali ɗaya nasa. Iyakarsa ita ce tacewar da ake haɗawa da ɗura ruwa mai yawa, inda tsohon samfurinsa ba ya jure matsi kamar na roba.

Akwai wasu nau'o'in tantani. PMMA na kamfanin Toray yana tsotse datti a jikinsa, wasu masu ƙaiƙayi sukan ji sauƙinsa. AN69 yana da kyau, amma tsohon nau'insa ya sha jefa masu shan maganin hawan jini irin su kaftofiril cikin mummunan hali, har sai da aka yi masa rufi. Masu rufin bitamin E da masu hefarin (maganin hana jini daskarewa) a jiki, na majinyata na musamman ne.

Ka duba da me aka kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin matacin. Tururi ba ya barin saura. Iskar etilin oksaid takan maƙale a cikin mataci, ita ce ta daɗe tana jawo mummunan borin jini a mintunan farko. In ita ce a rubuce, sai an wanke matacin da ruwan gishiri sosai kafin a haɗa.

Yanzu ga inda nake so a buɗe ido. Tirayasitet da danginsa ba sa son tsufa, zafi da laima suna rugurguza su a hankali. A 1996, a wani asibiti a Amurka, an yi wa mutane wanki da matacin asitet da ya haura shekara 11 a ajiye, mutum bakwai suka sami matsalar gani da ji. A 2001 kuma ragowar wani ruwan gwaji da aka bari cikin wasu matatai ya kashe fiye da mutum 50 a ƙasashe da dama, ciki har da Kuroshiya da Sifen. Waɗannan kuskure ne. Ina ga wanda ya yi algus da gangan?

An taɓa kawo mana kwali da takardar wa'adi sabuwa fil. Wani abokin aiki ya sa farce ya ɗaga gefenta, sai ga wata a ƙasa da ta wuce da shekara biyu. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, to haka na koma. Lambar rukunin da ke kan kwali dole ta zo daidai da ta kan leda da ta jikin matacin. Ledar da aka sake liƙewa za ka ga bakinta a karkace ko ninki biyu. Ka ɗaga matacin a haske: in zaren ya yi rawaya, ko akwai ɗigon ja a kan murfin, ko tsaga a roba, wataƙila an yi aiki da shi an wanke. Warin sinadari in an buɗe leda ma alama ce. Kwalin da ya jiƙe ya bushe, a mayar. Dillalin da ya ƙi ba ka takardar da ke nuna daga wane kamfani kayan suka fito da inda suka kwana, kada ka karɓi ko guda ɗaya a hannunsa, ko da sunan gwaji ne.