Filat a gefen Landan ko gida a Lidis? Na ɗanɗana duka biyun

Wa alaikumussalam ƙanina. Ka tambaye ni wane gida ya kamata ka saya a Ingila. Tsakanin filat ɗin gefen Landan da ka ce an rage wa kuɗi da gidan nan na Lidis a arewacin Ingila, ɗauki na Lidis kawai. Kar saukar farashin kudu ta ruɗe ka, rabon kwaɗo ba ya hawa sama kuma wannan ragin ba rabonka ba ne.

Ka ga abin da ya faru shi ne, Bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.1 a Disambar 2021 har ya kai 5.25 a Agustan 2023, a tsakiya kuma ga ƙaramin kasafin nan na gwamnatin Liz Truss a Satumbar 2022 da ya sa bashin gida ya haura kashi 6 cikin 'yan makonni. To wa abin ya fi buga? Wanda yake buƙatar bashi mai yawa mana. A Landan gida yana cin albashin shekara kusan sau 12, a Arewa maso Gabashin Ingila wajen sau 5 ne, don haka da ruwa ya hau masu saye da yawa a kudu suka janye, na arewa kuwa suka ɗan matse ciki suka ci gaba da saye. Lissafin Nationwide, masu ba da bashin gida, na ƙarshen 2023 ya nuna farashin gida a East Anglia da ke gabashin Ingila ya faɗi da kashi 5.2, a shekarar ce kuma Ireland ta Arewa ta ƙaru da 4.5, Sikotland ma ba ta faɗi ba. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, amma kowa da irin dukan da ya sha. Kuma ka yi lissafi da kanka, in an cire kashi 5 daga abin da ya kai fam dubu 400 ai har yanzu dubu 380 ne, me aka rage maka?

Ni gidan da nake ciki yanzu irin na jan bulo ne masu jere bango ɗaya, a wata unguwa can wajen Lidis, tsohon gini ne sosai ya haura shekara ɗari. Ranar da muka je dubawa ana yayyafi, uwargida ta buɗe ƙofar baya ta ga ɗan fili da igiyar shanya da wata bishiyar tuffa da ta kusa mutuwa, ta juyo ta ce min Abban yara mun iso gida, ni kuwa hankalina na kan wata laima da na hango a bangon kicin. Mun gyara laimar, mun canza boila a sanyin farko, bishiyar ma ta farfaɗo har maƙwabciyarmu tsohuwa tana zuwa tsinka tana kawo mana abin da ta gasa da shi. Yara suna hawa bene suna sauka da gudu ba mai buga mana silin daga ƙasa. Abin da ya fi min komai dai shi ne ƙasar da gidan yake kai tawa ce, firihol suke ce masa, ba wanda zai aiko min da takardar kuɗin sabis, wato kuɗin kula da gini, a Janairu. Ko an ce gobe farashinsa ya sauka ba zan rasa barci ba don biyan wata bai fi ƙarfina ba.

Filat ɗin da na taɓa saye a kudancin Landan kuwa, to, yana kusa da tashar jirgi, wannan kam ba zan hana shi ba. Sauran duk nadama ce. Lis ne, wato shekaru ka saya ba ƙasa ba, kuɗin sabis kullum hawa yake, sai ga maganar kwalliyar bangon waje bayan gobarar benen Grenfell a Landan ta 2017, banki ya ce sai an kawo takardar EWS1, ta binciken haɗarin gobara a bangon waje, kafin ya ba mai saye bashi, na fi shekara ina jiran takardar da ba ni da iko a kanta. Da ƙyar na fita da uwar kuɗina.

Kar ka ce na ce arewa ba ta faɗuwa fa. Bayan rikicin tattalin arziki na 2008 abin juyewa ya yi, Landan ta farfaɗo cikin 'yan shekaru, Arewa maso Gabas ta fi shekara goma ba ta koma farashin 2007 ba, Ireland ta Arewa ma sama da rabi ta zubar. Wancan karon aiki ne ya ɓace shi ya sa garuruwa marasa ƙarfi suka sha wuya, wannan karon ruwa ne ya hau shi ya sa masu tsada suka sha. Don haka ba kowane gari na arewa nake nufi ba, Lidis da Manchesta akwai jami'o'i da manyan asibitoci da ofisoshi, ba ɗaya suke da ƙaramin garin da masana'antarsa ta rufe ba.

Kai da kake aikin jinya a NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, ma abin ya zo maka da sauƙi, matakin albashi ɗaya ne a duk Ingila, ƙarin zaman Landan kawai za ka rasa, kashi 15 ne a gefen gari kuma yana da iyaka, bambancin kuɗin gida zai cinye shi ya nemi ƙari. Ga harajin sayen gida, tun Afrilun 2025 mai sayen farko ba ya biyan komai sai abin ya wuce fam dubu 300, gidan Lidis ɗinka yana ƙasa da haka. In kuma ta hanyar musharaka za ka bi don gudun riba, ka sani su ma hayar da suke ɗorawa tana tafiya da ruwan kasuwa, kuma sukan nemi kafin alƙalami mai kauri, wanda ya fi sauƙin haɗawa a kan gida mai araha.

Ba ka tambaya ba amma bari in faɗa maka. Akwai masu yawo a guruf-guruf ɗinmu da hotunan filat da ba a gina ba tukuna, wai ka zuba kuɗi za a ba ka haya tabbatacciya kashi 8 ko 10 duk shekara, mutane da yawa sun ƙone a irin wannan a Libaful, gini ya tsaya a rabi kamfani ya rushe. Dillali kuma in ya ce maka an zaftare dubu ashirin, tambaye shi daga wane farashi, don wasu sama suke ɗorawa su sauko su kira shi ragi. Shiga shafin Land Registry, ofishin rajistar filaye da gidaje, ka ga nawa aka sayar da gidajen layin a zahiri, kyauta ne. Ka biya mai duba gini naka na kanka, wanda banki ke turowa kuɗin banki yake karewa. Ranar tura kuɗi kuma in imel ya shigo wai lauyanka ya canza lambar akawun, kar ka tura ko sisi sai ka kira ofishinsu da lambar da ka sani tun farko.

In za ka zo ganin gidan ka zaɓi ranar da ake ruwa, ka sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa in akwai ka shinshina. Ka min magana ta inbos in zo in raka ka.