Shagon buga takardu na layin jami'a: ɗinki ba laifi, amma kada ka ba su haɗa fayil

Shekara uku ke nan ina kai aiki wannan shagon, tun ina ajin farko a Jami'ar Musulunci ta Madina. Ba zan kama sunansa ba, ɗalibanmu sun san layin shagunan hidimar ɗalibai, sun kuma san farashin kowa. Takardarsu mai kauri ce, tawada ba ta zuba, ɗinkinsu kuma ko ka yi shekara kana jefa littafi cikin jaka ba ya warwarewa. Da a watan Rajab aka ce in yi sharhinsu, da tauraro biyar zan ba su ba tare da na tsaya tunani ba.

Abin da ya haɗa mu ɗan littafin aljihu ne na Umara da muka shirya wa mutanenmu masu zuwa a watan azumi, yawancinsu dattawa da ba su taɓa fita Najeriya ba. Larabci da Hausa ne a cakuɗe: addu'a, fassara a ƙarƙashinta, sai bayanin abin da za a yi daga miƙatin Zul-Hulaifa har zuwa aski. Fayil uku ne. Ɗaya nawa, na ayoyi da addu'o'i. Ɗaya na Baffana da ke Kano, bayanin hukunce-hukunce ne da ya buga tun shekarun baya, yana koyar da maniyyata da shi. Na ukun wani abokin karatuna ya rubuta a waya, matakan ɗawafi da sa'ayi ɗaya bayan ɗaya. Jarrabawa ta taso mini, laftof ɗina kuma yana wurin gyara, sai na zuba su a filashi na kai shagon, na ce a haɗa su wuri guda, a mai da su girman A5, a buga kwafi 60.

Yaron da ke kan kwamfutar Bahaushen Sudan ne, ya ce mini kakanninsa 'yan Maiwurno ne, can bakin Kogin Nilu. Hausarsa ta tsofaffi ce, mai daɗin ji, yana yi yana sirkawa da Larabci. Wannan ma shi ya sa hankalina ya kwanta, na ce ai na samu wanda zai iya karanta abin da yake bugawa. Na tambaye shi ko in tsaya mu duba tare. Ya ce, "Abshir ya Malam, je ka ka yi karatunka, aikin minti goma ne, kwafa da liƙawa kawai."

Bayan kwana biyu na karɓo kwali a ɗaure, na biya, ban buɗe ba sai da na dawo ɗaki bayan Isha. Bangon ya yi kyau ƙwarai. Shafi na huɗu na fara cin karo da wannan layin: "Idan ka isa }asa mai tsarki, ka fara da ]awafi ta ~angaren dutse." Na zaci idona ne. Na juya gaba, duk inda ƙ take ta zama }, ɗ ta zama ], ɓ ta zama ~, tun daga farkon babin Baffa har ƙarshensa, shafi goma sha ɗaya cur.

Wanda ya yi aikin bugu a Kano a da ya san wannan ciwon. Kafin haruffanmu masu lanƙwasa su samu a kowace waya da kwamfuta ta hanyar Unicode, dabara aka yi: aka zana salon haruffa na musamman, irin su Rabi'at, aka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan maɓallan baka-baka da ba a cika amfani da su ba. Abin da ke ajiye a cikin fayil ɗin } ne, salon haruffan ne kawai ke sa masa rigar ƙ. Ranar da aka cire rigar, ko aka kai fayil ɗin kwamfutar da ba ta da salon, sai asalin ya fito. Baffa da irin wannan ya yi rubutunsa, ni kuma ban lura ba, domin laftof ɗina yana da salon tun daga gida.

Wannan da sauƙi a kan abin da na gani a shafin addu'ar da ake yi tsakanin Rukunul Yamani da Hajarul Aswad, wato aya ta 201 a Suratul Baƙara. A nan ne gabana ya faɗi. Ayar ba ta nan. Wasu 'yan akwatuna ne a jere da guntayen alamomi marasa ma'ana, fassarar Hausa kuma tana zaune a ƙasa lafiya lau. Ayoyin da na sa da manhajar Mushafin Madina na ɗauko su, wadda Cibiyar Sarki Fahad ta buga Alƙur'ani ta fitar don masu rubutu a kwamfuta, saboda ina so su fito da rubutun da idon mutane ya saba da shi. Yadda aka gina ta, kowane shafi daga cikin shafuka 604 na mushafin yana da nasa salon haruffan, kuma abin da ke bayan kowace kalma lamba ce da wannan salon kaɗai ke iya karantawa. Aiki ne mai kyau matuƙa, amma sharaɗinsa kada a taɓa salon. An taɓa.

Sauran ɓarnar ban ma san ta inda zan fara ba. Sakin layin Hausa da yawa sun juya sun manne a dama kamar Larabci, ɗigon aya ya bar ƙarshen jimla ya koma farkonta, alamar tambaya ma haka. Lambobin da na rubuta 1, 2, 3 a wasu wuraren sun fito da siffar da Larabawa ke rubuta su, inda biyar take kama da sifili, sifili kuma ɗigo ne. Tsohuwa daga Gumel ta ga haka, me za ta ce? Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne jerin matakai. Abokina ya lissafa zagayen ɗawafi daga 1 zuwa 7, sannan ya buɗe sabon jeri na sa'ayi daga 1. Da aka liƙa, manhajar rubutun ta ɗauka jeri ɗaya ne ta ci gaba da ƙirga, sai tafiyar farko daga Safa zuwa Marwa ta zama ta 8, ta ƙarshe ta zama ta 14. Littafin koyar da ibada ne fa, wanda mutum zai riƙe a hannu yana bi.

Washegari bayan La'asar na koma da kwalin a kafaɗa, raina a ɓace. Na ajiye shi a kan kanta na buɗe shafi na huɗu. Yaron ya duba ya ce, "Wallahi ya Malam haka ka kawo shi." Na ce ba haka na kawo ba. Muka yi ta ja har mai shagon ya leƙo daga ciki, sannan aka ce a buɗe fayil ɗin a gani.

A nan dole in yi adalci, domin da ya buɗe fayil ɗin Baffa a gabana, tun kafin a liƙa komai, } da ] ne ke ciki. Kwamfutarsu ba ta da salon. Wannan ba laifinsa ba ne, nawa ne da ban mai da rubutun zuwa haruffan zamani ba kafin in fito da shi. Ya kuma nuna mini abin da ban taɓa kula da shi ba duk shekarun nan da nake bugu. Ashe idan ka kwafi rubutu ba haruffa kaɗai kake ɗauka ba. Alamar ƙarshen sakin layi, wadda ba a ganinta sai an danna maɓallin bayyana ɓoyayyun alamomi, ita ke riƙe da umarnin ko layin daga dama zai fara ko daga hagu, da tazarar da ke tsakanin layuka. Kowane fayil kuma yana da nasa tsarin da ya kira "rubutu na yau da kullum" da "kanu na ɗaya". Sunan ɗaya ne a ko'ina, amma abin da ke ƙarƙashin sunan ya bambanta. Shi kuwa ya buɗe sabon fayil ne a kwamfutar shago, wadda aka saita don bugun risalar ɗaliban Larabci, komai daga dama, haruffa manya. Duk abin da ya zuba a ciki sai ya bi al'adar gidan da ya sauka. Lambobin ma saitin kwamfutar ne ke juya siffarsu, ba ya cikin fayil ɗina. Na tsaya ina kallo, fushina ya fara sauka, har na ce a raina yaron nan ya san aikinsa.

Sai na tambaye shi ayoyin fa, tunda na san suna da manhajar mushafin, kullum ɗalibai na kawo musu bincike mai ayoyi. Ya ɗan yi shiru. Ya ce da ya gama liƙawa ya ga rubutun ya zama dambu, nan babba nan ƙarami, salo kusan shida a shafi ɗaya, sai ya zaɓi komai da komai lokaci guda ya mai da shi salo ɗaya don ya yi kyan gani. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Da hannunsa ya tuɓe wa ayoyin salonsu. Kuma bayan ya yi hakan bai gangara ko shafi biyar ya duba ba, ya tura wa firinta kwafi 60. Mutumin da ke jin Hausa, yake karanta Alƙur'ani, kallo ɗaya zai yi wa shafin ya san akwai matsala. Lambar wayata tana kan rasit. Kira ɗaya ya isa, ko ya buga kwafi ɗaya ya ajiye in zo in gani. Fushin ya dawo sabo, ya ma fi na jiya, don yanzu na san ba a duba ba ne kawai.

Dare biyu na yi ina gyara a laftof ɗin aro. Na fara da neman } in musanya da ƙ gaba ɗaya, haka ] da ɗ, haka [ da Ɗ, ina ta murna abin ya zo da sauƙi, sai na ga inda Baffa ya sa madogara a cikin baka ya koma ƊBuhariɗ da ƊMuslimɗ, wuri talatin da wani abu, na bi su ɗaya-ɗaya. Wajen liƙawa zaɓi uku manhajar ke ba ka: ka riƙe tsarin inda rubutun ya fito, ko ya saje da inda ya sauka, ko ka ɗauki rubutu zalla. Na ukun na bi ga babin Baffa da na abokina, ya kuwa wanke duk dattin, sai dai ya tafi da hashiyoyin ƙasan shafi da duk kalmar da aka kaurara, na sake sa su da hannu. Ayoyin kuwa ban yarda na kwafo su daga ko'ina ba, daga manhajar mushafin na sake ɗauko kowace. Da na gama na mai da shi PDF, na buɗe a wayata da wayar maƙwabcina na tabbatar ƙ tana nan ƙ, sa'ayi kuma ya tsaya a 7.

Bugu na biyu ya fito tsaf, ba zan ɓoye ba, ɗinkin ma ya fi na farko. Amma mai shagon ya ƙi yafe kuɗin. Ya ce takarda da tawada sun riga sun tafi, abin da zai iya shi ne ya cire mini kuɗin ɗinki. Na ce masa, "Ya Shaikh, rabin laifin na yarda nawa ne, to rabin naku fa?" Ya ce tsarin shago ke nan. A tsaye a wurin na tuna bara ma sun taɓa buga mini bincike lambar shafi ta fara daga bango, na haƙura ban yi magana ba. Na tuna kuma wani ɗan ajinmu da ya ce jadawalinsa ya juye, ginshiƙin farko ya koma ƙarshe, muka yi masa dariya muka ce shi ne bai iya ba.

Da na zauna rubuta wannan, tauraro uku na yi niyyar ba su saboda ɗinkin da kuma bayanin da yaron ya yi mini. Yanzu da na sake lissafa kuɗin, biyu ne. Idan PDF ne a hannunka, ka kai musu, za ka ji daɗi. Kwalin farko yana nan ƙarƙashin gadona, ba ya zubuwa a shara tunda akwai sunan Allah a kusan kowane shafi. Ranar Juma'a zan ɗauke shi in kai akwatin ajiye takardun addini da ke gefen masallacin unguwarmu, in bakin akwatin zai ci littafi 60.