Tiyon ban-ruwa na ɗigo mai aiki da bokiti: ya cancanci kuɗinsa?

Ga mai tumatir, attaruhu ko alayyafo a buhuna cikin gida, wannan kaya yana biya, amma sai an san halinsa. A kwalin za ka tarar da baƙin tiyo mai kaurin milimita 16, ƙananan kawunan ɗigo, makunni da 'yar matata. Bokiti kuwa naka ne.

Wurin da masu saye suka fi ruɗewa shi ne rubutun "lita 2 a awa" da ke jikin kawunan. Wannan lissafin ruwa mai ƙarfi ne, kamar na tankin da aka ɗaga sama tsayin mita 10. In bokitinka na kan benci mai tsayin mita ɗaya, abin da zai ɗiga bai wuce kashi ɗaya cikin uku na hakan ba. Saboda haka ka ɗaga shi ya kai mita ɗaya da rabi, kuma kada layin ya zarce mita 15, in ba haka ba buhunan ƙarshe su sha ƙishi. Ka tara kofi a ƙarƙashin kan farko da na ƙarshe na minti 10, ka gwada.

Tumatir da ya fara 'ya'ya a bazara yana shan lita ɗaya zuwa biyu a yini, don haka bokiti mai lita 20 zai riƙe buhu goma a yini. A buɗe makunnin da sassafe. Da rana ruwan da ya kwanta a baƙin tiyo zafi yake yi sosai. Babban amfanin wannan kaya shi ne ƙasa ba ta bushewa ƙayau sannan a malale ta, wanda shi ke sa tumatir tsagewa ko gindinsa ya yi baƙi.

Matsalarsa toshewa. Matatar da ake haɗowa da ita ƙarama ce, yashin rijiya na cika ta nan da nan, gara a riƙa tace ruwan da ƙyalle tun a bakin bokiti. Farin bokiti mara murfi kuma gansakuka yake tarawa. Idan ruwan burtsatse ya bar farin gishiri a kawunan, a jiƙa su cikin ruwan khal su kwana. Duk mako a buɗe wutsiyar tiyon ruwa ya wanke dattin.

Ɓeraye ma na huda shi da rani don neman ruwa, kuma mahaɗan gyara biyu ko uku da ke kwalin ba sa isa. Ka sayi ƙari tun a shagon.