Ratzeburg ko Schwerin: Ina Ya Fi Dacewa da Ziyarar Yini Guda Daga Hamburg?

Malam, ka ce kwas ɗin da ya kai ka Hamburg zai bar maka yini guda babu aiki, kana son ka huta da hayaniyar birni ka ga wani ƙaramin gari mai tarihi a bakin tafki, wanda yake da tsohuwar babbar majami'a, kuma an ambata maka Ratzeburg da Schwerin har ka rasa wanda za ka ɗauka. Na taka duka biyun, kuma ga abin da ka ce kana nema, ni Ratzeburg zan tura ka.

Garuruwan biyu tushensu ɗaya ne. Basaraken Saxony da ake yi wa laƙabi da Heinrich Zaki shi ne ya sake kafa kujerar bishop a Ratzeburg a 1154, shi ne kuma ya kafa Schwerin a 1160 bayan ya ci sarkin yankin, Niklot, da yaƙi. Majami'un biyu da jan bulo aka gina su, domin arewacin Jamus shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai ƙarancin dutsen gini, kuma yanzu duka suna hannun mabiya ɗarikar Luther. Daga nan sai kowanne ya kama hanyarsa. Schwerin ya zama mazaunin sarakunan Mecklenburg, yau kuma shi ne babban birnin jihar Mecklenburg-Vorpommern, da mutane kusan 100,000, duk da cewa shi ne mafi ƙanƙanta a manyan biranen jihohin Jamus. Ratzeburg kuwa mutanensa ba su wuce kimanin 15,000 ba, kuma tsohon garin gaba ɗayansa a kan tsibiri yake, tafkuna huɗu sun kewaye shi, hanyoyi uku da aka cike ruwa aka shimfiɗa su ne suka haɗa shi da tudu.

Wannan zama a tsibiri shi ne abin da ya fi kama zuciyata. Duk layin da ka miƙe a kansa, kafin ka gaji za ka ga ruwa a gabanka. Layukan a miƙe suke kamar an ja su da zare, abin da ba a saba gani ba a tsofaffin garuruwan Turai, kuma dalilinsa mai ɗaci ne: a 1693 sojojin Sarki Christian na Biyar na Denmak suka yi wa garin ruwan wuta har kusan babu abin da ya saura, sai aka sake gina shi bisa sabon tsari. Majami'ar tana cikin 'yan gine-ginen da suka tsira. An fara ta wajen 1160 aka kammala wajen 1220, saboda haka tana cikin mafi tsufan majami'un bulo a arewacin Jamus. Katangunta masu kauri ne, tagoginta ƙanana, bakan ƙofofinta kuma a zagaye suke irin wanda maginanmu suke kira bakan gizo. Kada ka yi saurin shigewa ciki. Ka tsaya tukuna a gaban zauren shiga na kudu ka ɗaga kai, za ka ga yadda magina suka jera bulo a karkace, wani yana hawa kan wani kamar saƙar tabarma, aikin da ya haura shekara 800 amma har yanzu ana iya ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya. A harabar akwai mutum-mutumin zaki, kwafin wanda Heinrich ya kafa a birnin Braunschweig. Ranar da na je, daga ƙarar takalmina sai kukan agwagi daga bakin ruwa, ban ji komai ba.

Majami'ar Schwerin wata aba ce daban. Ginin da yake tsaye yanzu an fara shi wajen 1270, lokacin da salon gini ya koma mai tsini da dogayen tagogi, rufinta daga ciki ya haura mita 26, hasumiyarta kuma mita 117.5 ce. Sai dai hasumiyar ba tsohuwa ba ce, a ƙarshen ƙarni na 19 aka gina ta. Idan gwiwa tana da ƙarfi, matakala 220 za su kai ka inda za ka hangi gari da tafkunansa, abin da ya cancanci wahalar. Amma gaskiya ita ce, yawancin masu zuwa Schwerin fadar sarakuna ce take kawo su, wadda aka ba ta siffarta ta yanzu tsakanin 1845 da 1857 a kan wani ɗan tsibiri a bakin tafkin Schwerin. Majalisar dokokin jihar a cikinta take zama tun 1990, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sanya fadar da gine-ginen sarauta da suke kewaye da ita a cikin wuraren tarihi na duniya. Wurin yana da kyau ƙwarai, sai dai kyau ne mai tara jama'a, musamman lokacin zafi, ga motocin 'yan yawon buɗe ido, ga layin sayen tikiti.

Ta fuskar ruwa ma akwai bambanci. Tafkin Schwerin babba ne, ya kai murabba'in kilomita 61, ana kallonsa ne kamar ƙaramin teku. Na Ratzeburg sun fi kusa da mutum, kuma a kansu ne Karl Adam ya horar da 'yan tseren kwale-kwale na mutum takwas da suka ci zinare a gasar Olamfik ta Roma a 1960 da ta Meziko a 1968. Har yanzu akwai makarantar horar da 'yan tseren a garin, da wuya ka zauna a bakin ruwa ba ka ga wani siririn kwale-kwale ya gifta ba. Kafin 1990 iyakar Jamus ta Gabas tana dab da garin, Schwerin kuwa yana can ɗaya ɓangaren.

A maganar sufuri Schwerin ya fi sauƙi, domin jirgin ƙasa ɗaya ne daga babbar tashar Hamburg, tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi, kuma daga tasha zuwa majami'a 'yar tafiya ce a ƙafa ta gefen tafkin Pfaffenteich. Zuwa Ratzeburg sai ka canja jirgi a Büchen ko a Lübeck, sannan tashar tana wajen tsibirin, kusan rabin awa a ƙafa in ba ka shiga bas ba. Idan da iyali kake, ko kuma fada da gidan tarihi ne suka fi burge ka, to ka nufi Schwerin, amma ban da ranar Litinin, domin gidan tarihin fadar a rufe yake.

Ko wanne ka zaɓa, ka tuna shaguna ba sa buɗewa ranar Lahadi, jiragen ruwan yawo kuma lokacin zafi kawai suke aiki. Game da abinci, burodi da kifi da ake sayarwa a bakin ruwa ya wadatar ba tare da shakku ba. Masallatai suna nan da yawa a unguwar St. Georg kusa da babbar tashar Hamburg, sai ka tsara lokutan sallarka kafin ka tashi. Idan tafiyar ta faɗo a Disamba, rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4 na yamma, don haka ka yi sammako. Idan kuwa Ratzeburg ka je, ka dawo ta Lübeck, wanda bai fi kilomita 25 daga can ba, domin can ma akwai wata majami'ar da Heinrich ya aza harsashinta a 1173.