Bayan doki ko ɗakin mai koyar da magana?

A Agege, wasu iyayen da bakin yaransu ya yi nauyi suna auna hanyoyi biyu.

Ta ɗaki ita muka sani. Yaro na zaune gaban madubi, ana nuna masa hoton ƙwallo, ana sa shi hura kumfa don ya koyi sarrafa numfashi. Ta fi sauƙin samu, sai dai wani yaron minti goma ya gundura.

Ta doki kuwa, wato a ɗora yaro a kan doki ana koya masa magana, masu yin ta a Amurka sun kafa ƙungiyarsu tun 1992. Dokin na takawa a hankali, taku wajen 100 a minti, ƙugun yaro na kaɗawa kamar shi ke tafiya, gadon bayansa ya miƙe. Sai ƙwararren ya tsayar da dokin cak, ba za a motsa ba har yaro ya ce "tafi". Wannan kam ya taɓa min zuciya.

Maƙwabciyata ta ce, "Baban Abba, mu da muka tashi da hawan sallah, doki ai ba baƙonmu ba ne." Haka ne, amma dokin haya na bakin teku a Lekki ba magani ba ne, ba ƙwararre, ba hular kwano. Ni dai ɗaki zan fara kai nawa.