Wasiƙa daga Bradford: amosani ne ya sauko fuskata

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. A gaishe min da Hajiya, a ce mata ta kwantar da hankalinta. Tun ranar Juma'ar da muka yi waya ta bidiyo ta ƙura min ido ta ce, "Wannan farin da ke gefen hancinka fa?" na san ranar ba za ta runtsa ba. Ke kuma kika biyo ni da saƙon murya, wai ko bilicin na fara don in saje da mutanen gari. Allah ya sawwaƙe. Ba bilicin ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma ciwon nan da Hajiya take tsoron kiran sunansa ba ne. Amosani ne. Wanda kika sani a kai, shi ne ya sauko fuska.

Na yi niyyar in ba ki amsa a waya, sai kika ce Abba ma ya dawo daga makaranta da irinsa, har kin sayo masa man nan mai haɗi uku a kemis. Shi ya sa na zauna na rubuta, don ki karanta masa a tsanake.

Nawa ya faro ne a sanyin farko da na yi a nan. Garin nan a watan Disamba kafin ƙarfe 4 an yi magariba, rana kuwa sai a yi mako ba a ga idonta ba. Waje sanyi kamar ya tsaga kunne, ɗaki kuma hita ta busar da iska kamar ta hunturun Kano, ƙura ce kawai babu. Ga aikin dare. Sai na fara ganin ɓawo kamar dusa a girata, da lungun hanci, da cikin gemu, da bayan kunne. In na yi alwala wurin ya yi zafi-zafi, in ya bushe ya yi furu-furu, ga ƙaiƙayi. Na yi abin da kowane Bahaushe zai yi: na lafta man kaɗanya, na bi da man zaitun. Kwana biyu ya lafa, na uku ya dawo ya fi da.

Bari in ba ki labarin yadda ake ganin likita a nan, don ku da kuke gida kuna zaton da mutum ya yi tari motar asibiti take zuwa. Kowa yana da likitan unguwa da ya yi rajista da shi, kuma ganinsa kyauta ne a ƙarƙashin NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati. Kyautar dai da sauƙi a baki, tunda mu baƙi tun wajen neman biza muke biyan fam 1,035 na kowace shekara, ɗalibai kuma 776. Ki lissafa da fam ɗaya tana neman naira 2,000. To ko da kuɗinka ba ka shiga kai tsaye. A asibitin unguwarmu ƙarfe 8 na safe ake buga waya, kana bugawa a ce kai ne na ashirin da wani abu a layi, kafin a zo kanka gurbin ranar ya ƙare. Sau uku ina yi, ni da na kwana a tsaye. A ƙarshe aka ce in cike takarda a intanet in tura hoton fuskata. Amsar da ta zo ta ce ba a ga ja ba, bushewar fata ce, in shafa mai. Ina za a ga ja a fuskata, Yaya? Hotunan da ke littattafansu yawanci na fararen fata ne, a jikinsu ciwon ja yake yi. A jikinmu wurin dusashewa yake, ya yi haske ko ya yi duhu-duhu, shi ne abin da Hajiya ta hango.

Sai da na matsa aka ba ni rana na je ido da ido. Wata likita ce 'yar asalin Pakistan, irinsu suna da yawa a garin nan. Minti goma ake ba kowa. Ta duba gira, ta buɗa gemu, ta leƙa bayan kunne, ta tambaya ko ina da amosani a kai, na ce tun ina sakandare. Ta ce sunansa saboriyik damataitis, ta kuma yi min bayanin da a duk shekarun da na yi ina sayen magani a kemis ba wanda ya taɓa yi min.

Akwai wani ƙanƙanin abu dangin yis, ana ce masa Malasiziya, yana zaune a fatar kowane baligi, mai tsafta da marar tsafta. Abincinsa maiƙon da fata take fitarwa. In ya ci maiƙon yana barin wani saura, wasu fatarsu ba ta damu ba, wasu kuma tasu sai ta fusata ta kumbura ta yi ta zubar da ɓawo. Shi ya sa yake bin wuraren maiƙo: kai, gira, gefen hanci, gemu, tsakiyar ƙirji. Ba a ɗauka, ba a shafa wa wani, ba ruwansa da ƙazanta. Sanyi da busasshiyar iska suna tayar da shi, haka gajiya da damuwa da rashin barci, ni kuwa duk na haɗa. Kuma ashe danginsa ne suke kawo ƙyasbi, har ɓawon da ke fitowa a kan jarirai, wanda yake tafiya da kansa, ɗan gidansu ne. Da na gaya mata na yi ta shafa man zaitun, dariya ta yi ta ce tuwo nake kai masa har ɗaki.

Maganar da ta fi tsaya min ita ce da ta ce ba ya warkewa. Ana kwantar da shi, ya yi watanni, ya sake ɗagowa, a sake kwantar da shi. Raina bai so ba. A gida da wuya mai magani ya faɗa maka haka, daga mai kemis har mai lasifika a bakin kasuwa kowa cewa yake sha yanzu magani yanzu. Amma tun da na ji wannan na daina yawon neman wanda zai tumɓuke min shi, kuɗina ma suka huta.

Abin da ta rubuta min biyu ne. Man ketokonazol mai kashi 2 cikin 100, safe da yamma, mako biyu zuwa huɗu, shi ne yake rage yis ɗin. Sai haidirokotizon mai kashi 1, na mako guda kacal, don kumburi da ƙaiƙayi su sauka, ta ja min kunne kada in wuce. Ta ƙara da sabulun wanke kai na ketokonazol, irin su Nizoral: a wanke kai da gemu, a bar kumfar minti 3 zuwa 5 kafin a ɗauraye, sau biyu a mako har wata guda, daga nan sau ɗaya a mako ko mako biyu don kada ya dawo. Ta ce in ya ƙi ji akwai man takrolimus, wanda ba ya cinye fata sai dai yana ɗan raɗaɗi da farko, in ya yi tsanani kuma akwai wani maganin yis ɗin na sha da likita kan rubuta. A Ingila kowane magani ɗaya da likita ya rubuta fam 9.90 ne, ko mai tsada ne ko mai araha. Da a Sikotland nake da ko kwabo ba zan biya ba, can kyauta ne tun 2011. Sabulun kuwa na saya da kaina, ƙaramar kwalba ba ta kai fam 10 ba.

Yaya, duk abin nan da na lissafa ba wanda babu shi a Kano. Jirgi na hau na ƙetare teku aka rubuta min abin da ke kan kantar kemis ɗin bakin layinmu, kuma a can ya fi araha. Bambancin kawai, a nan mai kantin magani yana iya hana ka. Kafin in ga likita na taɓa zuwa sayen haidirokotizon, matar ta tambaye ni ina zan shafa, na ce fuska, ta mayar da shi kan kanta ta ce sai da takardar likita. Na fito ina ƙunƙuni, ina tuna yadda a gida yaron shago zai miƙo maka ko me ka nuna, har ya ƙara maka da shawara.

Shawarar yaron shagon ce nake ji wa Abba tsoro. Ɗauko kwalin man da kika saya masa ki karanta ƙananan rubutun. Haɗi ukun nan, ɗaya maganin yis ne, ɗaya na ƙwayoyin cuta, na ukun kuma sitiroyid ne mai ƙarfi, wato maganin saukar da kumburi dangin haidirokotizon, ko betametazon ko kulobetasol. Kulobetasol ya ninka haidirokotizon ƙarfi sau ɗaruruwa, kuma wanda aka hana ni a nan ɗan ƙaramin ne. Kwana uku yana shafawa fuska za ta yi sumul, kowa ya ce magani ya yi. Ranar da ya daina sai ciwon ya dawo da fushi, ya koma ya shafa, a haka har fatar ta yi sirara, ta yi fari ɓaro-ɓaro, ƙuraje su feso, jijiyoyi su bayyana. Kin san fuskokin da muke gani a gidan biki, kumatu ja kamar an ƙona, irin wannan sinadarin yana cikin abin da ke jawo shi. In bai fi 'yan kwanaki da farawa ba ya ajiye. In ya daɗe a kai, likita ne zai nuna masa yadda zai janye a hankali. Kada kuma wani ya ba shi ƙwayar ketokonazol ta sha, a Turai an dakatar da ita wajen maganin irin wannan ciwo tun 2013 saboda tana taɓa hanta. Na shafawa da na wanka ba su da wannan matsalar.

Kuma ni daga nan ban ga fuskarsa ba. Farin tabo a fuska yana iya zama ƙyasbi, yana iya zama makero, yana iya zama wani abu dabam, kowanne da maganinsa. Ki kai shi sashen fata na Asibitin Malam Aminu Kano a duba. A wannan kun fi mu: ku za ku iya sammako ku yanki kati ku bi layi, ko ku biya ku ga likitan fata a asibitin kuɗi cikin makon nan. A nan sai likitan unguwa ya tura ka, sannan ka jira wasiƙa, ma'aunin da hukuma ta sa wa kanta ma mako 18 ne. In likita ya ga abin ya yi yawa ya ce a yi gwajin jini har da na HIV, kada ranki ya ɓaci, ƙa'ida ce, don ciwon yakan yi tsanani ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Masu ciwon Fakinsin, ciwon nan mai sa karkarwar jiki, ma yana damunsu, ina gani a gidan tsofaffin da nake aiki.

Yanzu dai alhamdu lillahi ɓawon ya tafi, launin ne yake dawowa a hankali, likitar ta ce yakan ɗauki watanni. Na bar sabulu mai ƙamshi a fuska, na rage zafin ruwan wanka, in na yi alwala ina tsane gemu da tawul, na koma wani mai marar nauyi marar turare. Man kaɗanyar da Hajiya ta ɗuro min ƙafa da gwiwar hannu suke sha, kada ki gaya mata.

Akwai wanda zai taho gida bayan sallah, zan ba shi kwalba biyu na sabulun ya kawo wa Abba, amma kada ya jira su. In zai dawo a haɗo min kuka da daddawa da yaji. Ban da kilishi, ba a barin nama ya shigo, a filin jirgi za su karɓe.

Ƙaninki,
daga Bradford